Mai Famfo Ya Sami Ƙanwar Uwarsa

Kowa a unguwar Mai Famfo yake ce masa, har da matarsa in ranta ya ɓaci. Ya haura sittin, furfura ta gama cinye masa kai, gwiwarsa ta hagu tana ƙara duk lokacin da ya durƙusa, amma har yanzu in bututu ya fashe a gidan mutum shi ake fara nema. Ba shi da yawan magana. Zai shigo da jakar kayan aikinsa, ya kara kunne a bango kamar likita, ya ce "nan ne", ya fasa, ya gyara, ya wanke hannu ya kama hanya. Matarsa takan ce da shi da tankin ruwa duk ɗaya ne, sai an murɗa ake sanin akwai wani abu a ciki.

Bai san mahaifiyarsa ba. Ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn, lokacin shi yana ɗan tatata. Mahaifinsa ya ɗauke shi suka bar garin, ya sake aure, kuma matar da ya auro, wadda ya tashi yana kira Umma, ta riƙe shi riƙon da sai da ya yi wayo sosai ya san ba ita ta haife shi ba. In ya tambayi mahaifinsa dangin uwarsa, amsar ɗaya ce: "Mutanen da ko gaisuwa ba su zo ba, me za ka yi da su?" Daga nan sai tsohon ya nemi takalminsa ya fice. Bayan rasuwar mahaifin tambayar tana nan, amma Mai Famfo ya haɗiye ta, don kada Umma ta ga kamar akwai inda ta gaza.

Ita da kanta ta tayar da maganar, a ciwon da ya zama na ajalinta. Yana zaune bakin gadon yana ɓare mata lemo, ta dube shi ta ce, "Ka nemi mutanen uwarka. Na sha cewa babanka ya kai ka, ya ƙi. Ni dai na more ka, ba ni da ƙorafi. Amma wata ce ta sha wahalar haihuwarka, kuma ba daga sama ta faɗo ba."

Ya miƙa mata lemon.

Bayan an yi wata da watanni ya faɗa wa Auta, ƙaramar 'yarsa, wadda take aiki a kantin magani. Ita kuwa Auta ba a ba ta magana ta kwana. Kafin mako ya zagayo ta gano inda ake ajiye tsofaffin takardun gwamnati, ta ɗauki hutu, ta sa shi gaba.

Wurin wani dogon ɗaki ne a ƙasan bene, da fanka mai kuka da warin tsohuwar takarda. Ma'aikaciyar da ke kula da shi ta tambayi sunan ango da na amarya da shekarar auren. Sunan mahaifinsa ya sani, sunan mahaifiyar ma ya sani, shekarar ce sai dai kintace. Aka riƙa sauko musu da manyan littattafan rajistar aure, Auta tana bin layi da yatsa, shi kuma yana zaune da hannuwa bisa gwiwa kamar wanda ya zo ganin likita. Idonsa ya kai kan wani bututu da ke tsatsa a kusurwar rufin, ya yi ta kallonsa don ya sami abin yi.

"Baba," Auta ta ce a hankali. "Zo ka gani."

Layi ɗaya ne tak. Sunan mahaifinsa, sunanta, sunan mahaifinta da sana'arsa: ma'aikacin jirgin ƙasa. A ƙarshen layin mahaifinsa ya dangwala yatsa, ita kuwa da hannunta ta rubuta sunanta, haruffan sun kwanta gefe ɗaya kamar iska ta kaɗa su, ta kuma ja wani dogon layi a ƙasa har ya shiga filin mutanen da ke biye.

"Ta iya rubutu," ya ce.

"Har da yanga," in ji Auta.

Ya goge yatsansa a jikin riga kafin ya taɓa wurin. Wannan ne abu na farko nata da ya taɓa gani da idonsa. Ma'aikaciyar ta juya tana gyara wasu takardu da ba su buƙaci gyara ba, har sai da ya janye hannunsa.

Da sunan kakan suka koma takardun ƙidayar jama'a. Can ma sun same su, a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa da ke bayan tasha: maigida, matarsa, 'ya mace babba, namiji a tsakiya, sai wata 'yar ƙarama. A ƙidayar da ta biyo baya kuwa wasu mutane ne daban a gidan. Ma'aikaciyar ta ce haka aikin jirgi yake a lokacin, yau kana nan, gobe an tura ka ƙarshen layi, kuma takardun wasu garuruwan ruwa ya ci, na wasu gara. Suka yi ta zarya har hutun Auta ya ƙare, ba su ƙara samun ko ƙyallin gidan ba.

"To, mun yi iya yinmu," in ji Mai Famfo a motar komawa.

"Ba mu yi ba. Saura gwaji."

Ta yi masa bayanin gwajin ƙwayoyin halitta: a tura yawun mutum, a duba, in akwai wani danginsa na jini da ya taɓa yin irinsa sai a haɗa su. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Yawu?"

"Yawu, Baba."

Ranar da kwalbar tara yawun ta iso, gidan ya zama gidan kallo. Ya zauna a falo da 'yar kwalbar a hannu, bakinsa ya bushe ƙamas. Matarsa ta tsaya a ƙofar kicin ta riƙe ƙugu.

"Ikon Allah. Tun da na aure ka nake fama da kai ka daina tofar da yawu a bakin ƙofa. Yau an ce ka tofa, ka kasa."

"Ki bar ni in ji da abu ɗaya."

"A yanka masa lemon tsami ya kalla," ta ce wa Auta. Aka yanka, ya kalla, aikin ya yiwu.

Daga nan sai jira. Ya koma bakin aikinsa, bai sake tayar da zancen ba, amma duk yamma in Auta ta dawo sai ya sami dalilin zama inda za ta wuce. Rannan ta shigo ko jaka ba ta ajiye ba, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ta nuna masa waya. An sami wata mata, malamar makaranta a wani gari mai nisa. Gwajin ya ce kusancinsu ya kai a ce 'yar kawunsa ce ko 'yar innarsa.

Auta ta aika mata saƙo. Shiru. Ta sake aikawa, shiru. Sai da ta haɗa da hoton layin nan na rajistar aure sannan waya ta yi ƙara.

"Ku yi haƙuri," in ji Malama, "na ɗauka 'yan damfara ne. Ni gwajin nan ma 'ya'yana ne suka matsa mini na yi." Ta ci gaba da cewa, "Sunan da ke takardar nan sunan yayar mahaifiyata ne, babu shakka. Amma mu abin da muka tashi muka ji, ta rasu tare da ɗanta, kuma shi kaɗai ta haifa. Na gwada yi wa tsohuwa maganar, ta ce kada wanda ya zo ya tono mata abin da ta binne tun tana yarinya."

"Tana raye?" Mai Famfo ne ya yi tambayar, daga bayan Auta.

"Tana raye, da bakinta garau. Ku zo, amma ban yi muku alkawarin komai ba."

Suka kama hanya da sassafe a babbar mota, shi da Auta. Ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya yi ta gyara wuyanta. Sai da rana ta karkata suka isa. Gidan a hawa na biyu yake, a wani dogon gini mai tufafi shanye a kowace baranda. Malama ta tare su a matakala, mace mai jiki da saurin dariya, ta tsaya ta dube shi sama da ƙasa, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta fasa ta ce su shigo.

Tsohuwar tana zaune a kujera kusa da taga, ƙarama, a miƙe kyam, da sanda a jingine gefenta. Ta amsa gaisuwarsu a taƙaice. Ba ta ce su zauna ba, sai Malama ce ta turo musu kujeru.

"Kai ne mai yawun?"

"Ni ne."

"To ka ji. Ban san me injinsu ya faɗa maka ba, kuma ba na zarginka da komai. Amma ɗan yayata ya mutu. Ni na goya shi kafin a tashe mu daga garin, na san shi. Wani abokin aikin babanmu ne ya sauko daga jirgi ya zo har gida ya ce ta rasu, ita da ɗanta. Ina tsaye a wurin. Babanmu bai yarda ba, da ya sami izini ya je da kansa, ya tarar da wasu a gidan. Maƙwabciya ta ce masa haka ne, ita da yaron, mijin kuma ya tashi ba a san inda ya nufa ba. Me ya rage?"

Mai Famfo ya dubi hannuwansa. Ya yi gyaran murya.

"Wanda ya mutu ƙanina ne," ya ce. "Wajen haihuwarsa ta rasu. Ni ina gidan maƙwabta."

Tsohuwar ba ta motsa ba.

"Ciki gare ta?"

"E."

"Ba mu sani ba," ta ce, kamar da taga take magana. "Mun yi nisa, ba mu sani ba." Can sai ta ɗauki sandar ta buga a ƙasa da ƙarfin da ba a zata ba. "Wane irin mutum ne zai ɗauko labari rabi ya kawo wa mutane? Ɗanta! Bai iya cewa jariri ba? Uwarmu har ta koma ga Allah in ta ga yaro mai koyon tafiya sai ta kau da kai!"

Muryar ta karye a nan. Malama ta matso, ta ɗaga mata hannu alamar ta tsaya.

"Kai, zo nan. Matso, ba cizo nake ba."

Ya taso ya durƙusa a gabanta, gwiwar ta yi ƙararta. Ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta juya ta dama, ta juya ta hagu, kamar mai duba yadi a kasuwa. Hannuwanta sanyi, marasa nauyi.

"Hancin nan ba namu ba ne, na babanka ne. Kunnuwan ma nasa ne, Allah ya yafe masa." Ta shafa goshinsa da babban yatsa. "Amma wannan goshin na gidanmu ne. Ki duba, ke Malama, goshin kawunki ne sak." Hawaye suka gangaro mata ba ta share ba. "Lauya. Ashe kai ne ka tsufa haka?"

"Lauya?" in ji Auta.

"Haka uwarsa take kiransa. Tun bai iya kalma ɗaya ba yake surutu, daga asuba har dare, da hannu da ƙafa, kamar yana kare wani a kotu. Takan ce in ya girma sai dai mu bar masa gidan."

Auta ta yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta kasa. Ta yi ta yi har da riƙe ciki, hawaye na zuba, ba a san na dariyar ba ne ko na ɗayan.

"Inna, Babanmu fa? Wannan da sai ya yini bai yi jimla uku ba?"

"To wani ya rufe masa baki, ba haka muka ba da shi ba."

Shi dai yana durƙushe. Ya sunkuyar da kai kan gwiwarta, kafaɗunsa suka soma rawa. Auta ba ta taɓa ganin haka ba, ko ranar da aka fita da Umma. Tsohuwar ta ɗora hannu a bayan wuyansa tana bubbugawa a hankali, irin yadda ake yi wa jariri bayan ya sha nono, tana cewa, "Ya isa. Ya isa haka. Ai ga ka nan."

Malama ta ja Auta kicin suka ɗora shayi, suka kuma daɗe ba su kawo ba.

Da aka natsu, ya faɗa mata abin da mahaifinsa ya riƙe a rai har ya mutu, cewa dangin matarsa ba su zo ko gaisuwa ba. Ta girgiza kai.

"Da ma shi da babanmu ba su cika jituwa ba, kowa da taurin kansa. Ya zauna yana jiran mu, mu kuma labarin bai iso mana ba sai da aka yi makonni. Da ya ƙara haƙuri kaɗan, da sun haɗu a bakin ƙofa." Ta ja numfashi. "Bar su, duk sun tafi inda za su warware da kansu. Wa ya riƙe ka?"

Ya ba ta labarin Umma, yadda take raka shi makaranta, yadda ta sayar da akwatinta ta saya masa kayan aiki na farko, da abin da ta ce masa a gadon asibiti. Inna ta saurara da ido rufe.

"Wannan 'yar'uwarmu ce ba mu sani ba," ta ce. "Daga yau in na yi wa yayata addu'a, da ita zan haɗa."

Sai ya yi tambayar da ya zo da ita tun daga gida. "Yaya take?"

"Uwarka?" Inna ta gyara zama, fuskarta ta saki. "Fitinanniya. Doguwa ce, ta fi babanka tsawo, shi ya sa ba ya son su jera. Da hagu take komai. In ta yi dariya ana ji daga tasha. Girki kuwa kada ka tambaya, ruwan zafi ma sai ta ƙona. Ta iya lissafi, ita take duba wa babanmu takardun aiki. Tana tsoron kyankyaso kamar me, amma na ga ta kori kare da takalmi saboda ni. Kuma ta ci zalina, ka sani, kullum ni ce mai wanke-wanke, ita tana zaune tana ba ni labarin ƙarya don kada in gudu."

Haka ta yi ta zubo su, manya da ƙanana, ba tsari. Wani ta fara ta manta ƙarshensa, wani ta faɗa sau biyu. Mai Famfo bai katse ta ba ko sau ɗaya. Shayinsa ya huce a hannu, ta lura, ta yi masa faɗa, ta sa aka sake zubo wani ta tsare shi sai da ya shanye.

Kwana ɗaya suka yi niyyar yi, suka yi uku. Kawun nasa, namijin nan na tsakiya, ya daɗe da rasuwa, amma 'ya'yansa suna garin, Malama kuma ta bi su da waya ɗaya bayan ɗaya. Falon ya cika har baranda. Babban cikinsu, wani direban babbar mota mai ƙaton tumbi wanda duk dangi ke kira Yaya Babba, ya shigo yana hura hanci, Inna ta nuna masa ƙasa da sanda.

"Gaishe da yayanka."

"Inna, ni fa ne babba a gidan nan."

"Riƙon ƙwarya kake yi. Mai abu ya dawo."

Direban ya dubi Mai Famfo, ya dubi furfurarsa, ya fashe da dariya ya rungume shi har ƙafarsa ta kusa barin ƙasa. "Na sauka, Yaya. Da ma rigimarsu ta ishe ni, ga su nan na damƙa maka."

Tun daga lokacin hanyar garin ta zama tasa. In aiki ya yi sauƙi sai ya rataya 'yar jakarsa ya tafi, wani lokaci da matarsa, wadda suka ƙulle da Inna tun ganin farko, don sun sami wanda za su haɗu su yi wa tsiya. Inna ta koyi kiran waya saboda shi. Takan kira yana tsakiyar aiki, hannunsa cikin ruwa, ta tambaye shi ko ya karya, ta kashe kafin ya gama amsawa.

Wata safiya ya raka ta asibiti awon jini, don Malama tana makaranta. Layin ya yi tsawo, ya samo mata wuri a benci, ya tsaya a gefenta riƙe da sandarta da jakar magungunanta. Da aka kira su, ma'aikaciyar jinyar ta dubi tsohuwar, ta dubi dattijon da ke tallafe da gwiwar hannunta, ta ce, "Mama, maigidan ne ya rako ki?"

Inna ta yi tsaki. "Wane maigida? Ɗana ne, na fari. Nisan kiwo ya ɗan yi." Ta juyo gare shi. "Kai kuma ka tsaya kana kallon mutane, naɗe mini hannun rigar mana."

Ya ajiye jakar a ƙasa, ya sunkuya, ya shiga naɗe mata hannun rigar a hankali har zuwa saman gwiwar hannu.